Jinkar da Ta Fi Ƙofarmu Faɗi

Masu zuwa gaisuwar rasuwar Dada, kakata ta wajen uba, sun sha wahalar da ba a saba sha a gidan makoki ba, don sau biyu kowa ya yi ta'aziyya. Tabarmar Baba tana dab da ƙofar zaure. Ta Baffa, ƙanensa, tana can gindin dogonyaro. A tsakaninsu kuwa ga wata jinka zaune a ƙasa, an gama mata baibaya tsaf, ba ɗaki a ƙarƙashinta. Mutum zai sauko daga tasi, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa gaban Baba a yi addu'a a shafa, sannan ya miƙe ya zagaya jinkar ya sake durƙusawa gaban Baffa. Waɗanda suka san gidan ba su ce komai ba. Baƙi ne suka riƙa jawo ni gefe.

"Wai su biyun ba uwarsu ɗaya ba?"

"Uwa ɗaya uba ɗaya."

"To, me ya sa..." Sai mai tambayar ya dubi fuskata ya haɗiye sauran.

Mata sun cika tsakar gida har bakin rijiya. Wata maƙwabciyarmu 'yar Biu, wadda Dada ta karɓi haihuwarta ranar da aka rasa motar zuwa asibiti, ta taho tana kuka tun daga farkon layi, sai da Inna, mahaifiyata, ta riƙe ta. Dillalan kasuwar shanu sun zo a jere da sandunansu, suka ce daga yau ba mai tare su a hanya ya gaya musu saniyar da suka sayo tana da ciki. Bulaman unguwa, wani dattijon Babarbare mai Hausar da ba ruwanta da mace ko namiji, ya gama gaisuwarsa ta Barebari, "wushe, wushe", ya ƙwanƙwasa jinkar da sanda ya ce, "Tsohuwar nan ya tafi, ya bar mana kaya a hanya."

Ni kuwa ban ji komai ba. Da safen da ta cika ni aka aika Kasuwar Litinin. Na buɗe rumfata ta yadi, na zaro farin alawayyo, na yanka likkafani kamar yadda nake yanka wa kowane mai saye, har na tsaya na gyara bakin da ya karkace. Na dawo, aka yi mata sallah, aka kai ta, na ci abincin rana na ƙoshi. Mutane suna ta ba ni haƙuri, ni kuma ina laluben inda abin yake mini ciwo ban samu ba. Har yau da nake wannan rubutu ba zan ce na samu ba. Sai dai yarana sun fara tambaya wace ce Dada, kuma na lura amsar da nake ba su kullum ƙara gajarta take yi. Shi ya sa na zauna in ajiye abin da ya rage a kaina tun bai ƙare ba.

Dada ba 'yar gari ba ce, kuma ba ta taɓa yarda ta zama ba. A ruga aka haife ta, a ruga ta yi aure, ta haifi Baba da Baffa tana bin shanu tsakanin tudu da bakin tafki. Bukkokin da ta ɗaure da hannunta ta kwance, ita kanta ba ta san iyakarsu ba. Farin da aka yi a shekarun saba'in ya rage garken, annobar shanu ta farkon tamanin ta zo ta kusa ƙarasa shi. A lokacin kakana ya riga ya rasu, Baba kuma ya daɗe da shigowa Maiduguri yana dillanci. Shi ya je ya kwashe 'yan shanun da suka tsira ya sayar tun su ma ba su faɗi ba, ya sayi gidan nan na bulo mai rufin kwano, ya ɗauko uwarsa a bayan a-kori-kura. Baba ya ce ceto ya yi. Baffa ya ce a cikin abin da aka sayar har da shanun Dada na gadon gidansu, ba wanda ya tambaye ta, kuma ya rantse ƙafarsa ba za ta taka gidan da aka saya da su ba. Ya tafi ya kama haya can Tsohuwar Maiduguri. Daga ranar ko sallama ba ta sake haɗa su ba. In suka yi kiciɓis a kasuwa, sai kowa ya nemi wata saniya ya ƙura mata ido.

Wa ke da gaskiya? Na daɗe da daina tambayar kaina. Dada dai ba ta taɓa faɗa ba.

Ba ta ma da hanyar faɗa. Baba ɗan fari ne, ita kuwa ta riƙe kunyar ɗan fari irin ta mutanen da: ba ta kiran sunansa, ba ta kallon idonsa, ba ta yi masa magana kai tsaye. "Mai gidan nan" take ce masa. Yana tsaye a gabanta za ta juyo gare ni ta ce, "Angona, gaya wa mai gidan nan kaza." Ni ne angon, da wasan jika da kaka, ko da yake a lokacin na riga na ajiye iyali. Na sha ce mata, "Dada, ga shi nan fa, kunnensa lafiya lau." Sai ta ce, "Kai aka aika ko kunnensa?" Baffa kuwa Auta take kiransa da baki cike, in ta ga dama ta ja masa kunne a gaban mutane, da gemunsa da komai.

Tunda Baffa ba ya shiga, ita ta riƙa fitowa. Gindin dogonyaron ƙofar gida ya zama fadarta. Ta girke randa a wurin da moda a kai, don masu koro shanu zuwa kasuwa su sha su wuce. Ba ta sake su sai sun tsaya ta zagaya dabbobin, ta shafa wannan, ta buɗe bakin waccan, ta yi musu faɗa a kan wadda aka bari da kaska. Akuyar kowa ta yi ciwo a layinmu wajenta ake kawowa, kuma ba ta karɓar ko goro. Ran Juma'a in an sauko daga masallaci Baffa yakan zo ya zauna a gefen tabarmarta, ya ba ƙofar zaure baya. In Baba ya tashi fita a lokacin, sai ya tsaya a zaure yana ta gyaran murya har ƙanen nasa ya tafi.

Ɗakin da Baba ya ba ta shi ne mafi kyau a gidan, da sili da fanka da gadon ƙarfe. Ta tsane shi tsana mai tsanani. Takan ce, "Kwano ba rufi ba ne, murfin tukunya ne. Da rani ya dafa ka, da damina ya kurmantar da kai." Wata rana ana tsuga ruwa na leƙa na same ta zaune a bakin gado, ta ɗaga kai tana sauraro. Ta ce, "Ka ji su?" Sai ta fara kiran sunayen shanunta ɗaya bayan ɗaya, wai kofatonsu ne a kan kwanon. Na yi dariya na ce amarya ta fara ruɗewa. Ta ci gaba da kira har ta kai ƙarshe.

Bayan wannan daminar ce ta ce ɗaki take so, nata, ɗan ƙarami, wanda za ta gina da hannunta a lungun da ke jikin katangar titi, ta rufa shi da ciyawa. A tsakar gida aka yi gardamar, ita da Baba suna tsaye kusa da juna, ni a tsakiya.

Baba ya ce, "Gaya mata, mutane za su ce na shiga bulo na jefa uwata a bukka."

"Gaya wa mai gidan nan, ba mutane za su kwana a ciki ba."

"Gaya mata, ciyawa a tsakiyar gari, ga murhu ga yara da ashana."

"Gaya masa a ciyawa aka haife shi, ban ga ya ƙone ba."

Wuyana har ya gaji da juyi. Baba mutum ne mai taurin kai, amma daga wajenta ya gado, kuma ita ta riga shi farawa. Ƙarshe ya ce shi ke nan, amma a bar shi ya kawo magini ya fitar da fasalin ɗakin, kada ya faɗo mata a ka.

Maginin ya zo da zarensa da gudumarsa, ya fara kafa sanduna huɗu. Dada tana kallo har ya gama, sannan ta bi ta tuge su duka.

"Kusurwa me ake ajiyewa a cikinta ban da shara da kunama?"

Ta kafa turke guda a tsakiya, ta ɗaura igiya, ta ɗaura tsinke a ɗaya bakin, ta zagaya a sunkuye tana jan layi a ƙasa, kamar mai ɗaure ɗan maraƙi ta ga iya inda zai kai. Da da'irar ta haɗe sai ta shiga ta kwanta a ciki, da zanenta da komai, ta miƙe ƙafa. Ta tashi ta nuna inda randa za ta zauna, da inda za ta jera ƙore. Sai ta ɗan ƙara wa igiyar tsawo ta sake zagayawa. Na tambaye ta ƙarin na mene ne.

"Na baƙi."

"Baƙi nawa za su shiga wannan akurkin?"

"Mutum biyu. In sun yarda gwiwarsu ta taɓa juna."

Ƙofa ta ce yamma za ta duba, don nan garke yake kwana. Na nuna mata abin da ke yamma a gidanmu: igiyar shanya da tsohuwar tayar mota. Ta ce ba da ni take ba. Ƙofar kuma gajeriya take so, kowa ya shigo ya sunkuya, ko wane ne shi. Taga ba ta so ko ɗaya, wai taga ta masu gulma ce. Maginin ya tattara kayansa ya ce shi ɗaki aka kira shi ya gina, ba rumbu ba. Ta ce ya tsaya ya sha fura tukuna. Ya sha, ya tafi yana mita. Bayan 'yan kwanaki sai ga shi ya dawo wai wucewa yake yi, ya tarar tana fama da ƙasar garin nan mai rairayi, tubali yana wargajewa a hannunta. Shi ya gaya mata inda ake haƙo yumɓu a bakin kogi, da yadda za ta gauraya. Daga nan suka shirya, kullum ya biyo su yi gardama ya sha fura.

Rani guda ginin ya ci. Ni nake sa masu amalanke su kawo yumɓu, Inna da matata su taka kwaɓi da ƙafa, Dada ta zauna ta miƙe ƙafa tana mulmula tubali tana jerawa a rana. Ba ta yarda wani ya ɗora ko guda ba. Bangon ya tashi zuwa kafaɗarta, ta ce ya isa, ita ba raƙumi za ta ajiye ba.

Sai maganar jinka, wadda ta fi ginin cin lokaci nesa ba kusa ba. Kowace Juma'a ita da Baffa suna gindin dogonyaro, tana zana ta a ƙasa da yatsa tana sharewa. In ta yi tsini da yawa iskar bazara ta ɗauke ta. In ta kwanta ruwa ya zauna a kai ya ruɓar da ciyawa. Bakinta kuma dole ya zarce bango sosai, don kada feshi ya cinye tubali. Baffa ya kawo shawarar a ɗan sa ƙusa a ƙoƙuwa ta fi ƙarfi. Ta dube shi sama da ƙasa ta ce, "Auta, gari ya gama da kai." Ita abin da ba a kwancewa ba ta ɗaurawa.

Ta raba aikin ba tare da ta ce ta raba ba. Ni ta aika wa Baba: tana son gora, miƙaƙƙu, marasa ƙwaro, na tsaiko, wato ƙashin jinkar da ake ɗaura ciyawa a kai. Mutumin da ya ce ba za a yi bukka a gidansa ba, shi ya yini a wajen masu katako na Kasuwar Kwastam yana zaɓe da hannunsa. Ciyawa kuwa Baffa ta ɗora wa, ya riƙa saƙo ta a motar shanu daga ƙauyukan da yake saro dabbobi. Igiya ita ta tuƙa abinta da kaba, a cinya, har fatar wurin ta yi kanta. Sau da yawa takan dubi dami ta ce wannan ciyawar gajeriya ce, a sake. Ta dubi gora ta ce akwai tsaga, a sake. Su kuma ba musu, su sake kawowa. Baba bai taɓa sa hannu a ciyawar Baffa ba, Baffa bai taɓa sa hannu a goran Baba ba, amma kullum kayan suna jingine da juna a jikin bishiya.

Na ce mata, "Dada, ko masallacin Juma'a ake yi wa wannan jinkar ya ci a ce an gama."

"Kai za ka kwana a ciki?"

"Ba ni ne angon ba?"

"Angon da ko igiya bai iya tuƙawa ba. Miƙo mini wuƙar can."

A nan ƙofar gida ta ɗaure tsaikon, don nan ne fili, kuma nan ne Baffa zai iya riƙe mata bakin igiya. Da yake ba ta iya hawa sama, a ƙasa ta yi baibayar gaba ɗaya, tana zagayawa tana ɗora ciyawa hawa-hawa daga gindi zuwa ƙoƙuwa. Ranar da ta ɗaure tsinin ƙarshe mutanen layi suka fito kallo. Abin ya yi kyau, ba ƙarya, sumul, ko tsinke bai fito ba. Ni kuwa da ido ya saba da awo, na dubi jinkar, na dubi ƙofar zaurenmu, na sake duban jinkar. Ban ma buƙaci sandar awon yadi ba.

"Dada, ta ina za ta shiga?"

Ta juya ta dubi ƙofar kamar ranar ta fara ganinta. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "A ruga wa ya taɓa auna ƙofa? Inda aka ɗaure, nan ake ɗagawa."

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Layinmu kaf sai da ya dara, labari ya kai har kasuwar shanu. Ita ba ta yi fushi ba. Ta bari muka gama, ta kakkaɓe zanenta ta ce, "Katangar ai ba ta kai sama ba. Wasu su miƙa ta waje, wasu su karɓa ta ciki."

"Su wa?"

"'Ya'ya nawa na haifa?"

Inna ta ce kuskure ne tsantsa, ita ta ga fuskar Dada a lokacin, kuma fuskar ba ta mai shiri ba ce. Matata ta ce tsohuwar da ta lura da tsaga a gora ba za ta manta da ƙofa ba. Ni ban sani ba. Na tambaye ta sau ɗaya, ta ce in je in duba ko akuya ta shiga kicin.

Baba ya ce abu mai sauƙi, zai ɗauko 'yan dako daga kasuwa, kafin la'asar an gama. Ta ce, "Gaya wa mai gidan nan, jinkar mace 'ya'yanta ke ɗagawa. Wadda ba ta haifa ba ita ake yi wa haya." Baffa ya ce to a kwance ta, yaransa su shiga da kayan a sake ɗaurewa a ciki. Ranar ce kaɗai na ga ta yi wa Auta tsawa, har ya tashi bai sha furarsa ba. Daga baya kowannensu ya ce zai ɗaga, muddin ɗayan ba ya wurin. Na yi ta zirga-zirga tsakanin gida da Tsohuwar Maiduguri, in kai wannan in dawo da waccan. Baba ya ce ƙarami shi ke zuwa wajen babba. Baffa ya ce wanda ya ɗauki abin mutane shi ke fara magana. Manyan mutane da furfura a gemu, kowa yana jan sallah a gidansa. Na ji haushinsu a lokacin, kuma ina ji har yau.

Jinkar ta yi ta zama a ƙofar gida. Awaki suka sa ta a gaba, Dada ta sami aikin korarsu da sanda. Bulama ya aiko cewa ta tare hanya, ta aika masa da man shanu. Wani lokaci takan sa a ɗaga mata gefe guda a tokare da gwafa, ta ja tabarma ta shiga inuwar ta zauna, kanta kawai ake gani. In na dawo daga kasuwa ta ce, "Angona, shigo, yau ina da rabin ɗaki." Can ciki kuma bangon yana tsaye ba rufi, kaji suna kwana a ciki.

Da bazara ta kama, zafin nan na Maiduguri da ke sa kwano ya riƙa ƙara shi kaɗai, sai jikinta ya fara ja baya. Ba wani ciwo mai suna, abinci ne ya daina shiga. Ta daina fitowa. Kullum na shiga gaishe ta sai ta tambaya ko hadari ya fara haɗuwa. Ran nan ta kama hannuna ta ce, ba wasa a muryarta, "Ba na so in cika a ƙarƙashin kwanon nan." Na gaya wa Baba kalma da kalma. Ya ce a bari a ci kasuwa tukuna. Na hau bas na je na gaya wa Baffa. Ya share ido da hannun riga ya ce in sha Allahu. Kowa yana jira ɗan'uwansa ya fara aikowa.

A ƙarƙashin kwanon ta cika, da hantsi, an ɗauke wuta, Inna tana yi mata fifita. Baffa ya iso ya tsaya a gindin dogonyaro. Mata suka yi ta roƙonsa ya shiga ya ga fuskarta, ya ce ya yi rantsuwa. Sai da aka fito da makara ya kama. Sahu ɗaya suka tsaya shi da Baba, kabari ɗaya suka zuba wa ƙasa, ba wanda ya ce wa wani uffan. Da aka dawo kowa ya shimfiɗa tabarmarsa.

Ranar sadakar uku, bayan an shafa addu'a an raba waina, gabas ta yi baƙi ƙirin. Iska ta fara kaɗa tabarmi. Bulama ya miƙe da ƙyar ya dogara sandarsa, ya ce da ƙarfi yadda tabarmi biyun za su ji, "Ruwa zai sauko. Abin nan in ya jiƙe a ƙasa, ya ruɓe. Ko a ɗaga shi, ko a bar wa awaki, ku zaɓa."

Can sai Baffa ya tashi, ya tuɓe babbar rigarsa, ya ninke ya ajiye a kan tabarma, ya je ya sunkuya ya kama bakin jinkar. Shi kaɗai, ko motsi ba ta yi ba. Dillalan suka dubi juna, suka ajiye sanduna suka tashi. Baba ya daɗe yana kallonsu, sannan ya miƙe ya shige gida. Na ɗauka fushi ya yi. Sai na ji muryarsa a ciki yana kiran mazan gida, ana gangaro ganguna da turame zuwa jikin katanga. Na nemi tsani na hau kan katangar na zauna, ƙafa ɗaya a waje ɗaya a ciki, don in riƙa nuna musu.

Nauyinta ya wuce yadda kowa ya zata. Da bisimilla da gwafanni aka cira ta, tana rawa, ciyawa tana zubo wa mutane a ido, har gefenta ya hau kan katangar. Na waje ba sa ganin na ciki, na ciki ba sa ganin na waje. Ina ta cewa a tura dama, a sassauta hagu, iska tana kwashe maganar, kowa ma nasa ihun yake yi. A hankali ta riƙa tsallakawa. Na waje suka riƙa saki ɗaya bayan ɗaya, don hannunsu ya daina kaiwa. Saura Baffa, yana tsaye a kan turmi, ya miƙe iya miƙewa, ya riƙe bakin ƙarshe da hannu biyu. In ya saki ba a shirya ba ta kife a ciki ta karye. In bai saki ba ba za ta wuce ba.

Na ce, "Baffa, saki, sun riƙe."

Ko kallona bai yi ba. Ya ɗaga murya ya yi magana da katangar.

"Yaya, ka riƙe?"

Na leƙa ciki. Baba yana kan ganga, hularsa ta faɗi, ya sa kafaɗa a ƙarƙashin gora, ciyawa ta rufe masa rabin fuska. Ya gyara tsayuwa a kan gangar.

"Na riƙe," ya ce daga ƙarshe.

"Ka tabbata? Da nauyi fa."

"Na ce na riƙe. Saki."

Ya saki. Aka sauke ta a ciki, aka ɗauka aka zagaya da ita, aka ɗora a kan bangon. Ta zauna daram, bakinta ya zarce ko ta ina daidai. Ba a gama ɗaure ta ba ruwa ya ɓarke. Mata suka kwashe tabarmi suka ruga ɗakuna. Ban sauko daga katangar ba. Baffa yana nan tsaye a titi, bai koma gindin bishiya ba, bai mai da rigarsa ba. Da ruwan ya yi ƙarfi ya sake magana.

"Tana yoyo?"

Baba ya durƙusa a bakin ƙofar, ya zura hannu ya shafa ƙasan ɗakin, ya daɗe bai zaro ba.

"A bushe take."

"Allah ya jiƙan Dada, ya sa ta huta."

"Amin."

Mazan da suka yi aikin suna tsaye a tsakar gida, ruwa yana dukansu, riguna sun manne a jiki. Ga ɗaki nan a gabansu, sabo, a bushe, ƙofa a buɗe. Ba wanda ya shiga.